Kwalba Biyu

Na taɓa bango kafin Oyelakin.
Tazarar ba ta kai tsawon ludayi ba,
amma shekara tara ina bin dugadugansa
a tafkin simintin nan na Surulere,
ina shan kumfar da ƙafarsa ta bari.

Mita hamsin, rukunin 'yan sittin zuwa sama.
Mu bakwai ne.
Kyautar: lamba mai igiya, da fankar tebur.

Ban gama kakkaɓe ruwan kunne ba
wani yaro mai farar riga ya sha gabana:
Baba Jatau? Ƙuri'ar gwaji ta faɗo kanka.

Ɗaki ne a ƙarƙashin benen 'yan kallo,
janareto na tari a bayan taga.
Kwalba biyu a kan tebur.
Ya ce doka ce, sai ya gani da idonsa,
yaron da na yi jika da shi.
Na tsaya. Na daɗe a tsaye.
Fitsarin tsoho ba ya jin kira:
sau huɗu yake tashina cikin dare,
yau da ake nemansa ya shige ƙurya.

Sha ruwa, Baba.
Na sha leda uku.

Sai ga Oyelakin, shi ma an kawo shi,
tawul a wuya, baƙar leda a hannu.
Ya zazzage ta kamar ɗan talla a Oshodi:
wannan na hawan jini, wannan na suga,
wannan na gwiwa,
wannan ban san na mene ba, matata ce ta ce in sha.
Yaron na rubutu, shi yana dariya.
Ya dafa kafaɗata da Hausarsa ta kasuwar Agege:
Jatau, yau kai kifi ne. Me ka ci?

Me na ci.

Wata biyu, kowace Talata bayan la'asar,
wani shagon magani a lungun Mushin,
a ja labule, in sassauta wando.
Mai shagon ya ce ta masu ɗaga ƙarfe ce,
za ta mayar da ni ɗan talatin.
Dubu goma sha takwas kowace allura,
daga fanshon da na kwaso a tashar jirgin Apapa.
Na ce wa Ladidi ta ciwon baya ce.

Ni da na koyi ninƙaya a Yawuri,
a ruwan da ke haɗiye jaki da mangalarsa.
Kawuna Basarke ya tura ni daga kwalekwale
ya ce iya ruwa fidda kai.
Ba agogo, ba usur.
Wanda ya fito da numfashinsa, shi ya ci.

Layi ɗaya ya rage a takardar:
faɗi duk abin da ka sha ko aka yi maka.
Na rubuta babu.
Na zuba wa kalmar ido,
ga tulin ƙwayoyin Oyelakin a gefenta,
kowace da sunanta a fili.

Na soke.

Na ce wa yaron sunan yana da tsawo,
farkonsa na riƙe, ƙarshen ya kuɓuce mini.
Ya ɗago kai.
Ya faɗa mini harafi bayan harafi, a hankali,
kamar malamin aji ɗaya.

Oyelakin ya daina dariya.
Ya mayar da magungunansa cikin leda,
ɗaya, ɗaya, ɗaya.
A bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce:
Fankar tawa ce.
Litinin, ƙarfe shida, kar ka makara.
Ba na jin daɗin ruwa in ba wanda ke bina.

A lokacin ne fitsarin ya zo.
Ya cika kwalbar farko,
ya cika ta biyu,
yaron ya ce ya isa, Baba,
bai tsaya ba.